Iyakar Gonar da ke Cikina

Daren jiya wani mafarki ya ɗauke ni ya dire a asibitin da zan fara zuwa gashin cutar kansa da haske, wadda ta kama mini ƙululun nan na ƙasan mafitsara. Sai dai ƙasa ce shimfiɗe a ɗakunan, an yi kunya-kunya, ana shuka allurai. Wani bunsuru mai tabarau ya karɓi katina, ya cinye, ya ce in shiga an gama rajista.

A ciki na tarar da na'urar da ke duba hoton cikin mutum ta zana inda haske zai ƙona. A farke ma ban yarda da ita ba. Yanzu kuwa ga ta zaune a kan buzu, sanye da hular Ilu, maƙwabcin gonata da ke matsar da gambar iyaka taƙi ɗaya duk damina, ya kuma riga ni yin sallama.

Ta baje hoton a ƙasa, sai ga mu tsaye a cikinsa. Ashe cikina gona ce. Cutar tana tsakiya, ta yi tushe kamar ciyawar ƙiri-ƙiri. Mafitsara na gabas tana shanya, hanji na yamma yana gyangyaɗi. Na'urar ta ja jan layi, na ga ya ɗan leƙa gabas.

Raina ya ɓaci. Likita ta taɓa faɗa mini in haske ya ci gefen nan, riƙe fitsari zai iya gagarata. Ni da nake bayan liman tun gashina na baƙi, in koma mai sake alwala a bakin ƙofa? Wannan nake tsoro, fiye da cutar.

Na tambaye ta shaidunta. Ta ce ta koyi aikin a gonakin maza masu yawa, ba ta kuskure.

"Kin taɓa noma tawa?" na ce.

Ta gyara hula. Ruwa ya fara tashi daga ƙasa yana komawa gajimare, layin kuma yana matsawa duk lokacin da na kifta ido. Sai na daina kiftawa.

Can ga Likita Hansatu ta ɓullo daga cikin dawa, fartanya a kafaɗa. Ta ce na'urar zane take yi kawai, ba a kunna haske sai ita ta taka iyakar da ƙafarta.

"Baba Barau, riƙe mini fitila," ta ce. Ta duƙa tana kankare layin, ni kuma idona na kan na'urar, don hannunta ya fara miƙowa ta baya.

Ƙarar ruwa a buta ce ta tashe ni. Tabawa, matata, ke cika mini a tsakar gida, ladan bai gama kira ba. Kafin in yi salati sai da na shafa shimfiɗa. A bushe take.