Ranar da Akawal Ya Ƙi Hawa Mota

"Ƙara matsowa! Ƙara! Tsaya haka nan!"

Malam Audi ya buga bodin motar da tafin hannu, Mutawakkil direba ya taka birki, gindin motar ya zauna daidai bakin tudun ƙasar da aka tara a ƙofar gida. Audi ya duba, ya gyaɗa kai. Shi ya tara tudun da hannunsa domin dawaki su taka su shiga, da ido kawai ya auna tsayinsa, ga shi kuwa ya yi cif. Duk Birchi an san Audi mai dawaki ba ya yin aiki sau biyu. Wanda bai sani ba kuma, Audi zai gaya masa da bakinsa.

Tashi suke yi zuwa Dutsin-Ma. Ba korarsu aka yi ba, sana'a ce ta yi gaba suka bi ta. Masu hayar doki yanzu duk suna can: angwaye masu son kilisa ranar biki, da ɗalibai waɗanda in sun gama jarrabawar ƙarshe ba sa jin sun gama sai sun hau doki an ɗauke su hoto. Audi ya gaji da kai dawaki da dawo da su, sai ya sayar da gidan, ya sayi fili a bayan gari, ya kafa barga. Gobe wanda ya sayi gidan zai zo karɓar makulli. Sawun farko ya tafi tun da hantsi da gadaje, da tukwanen matarsa Azumi, da dammunan harawa. Wannan sawun na dawaki ne, kuma shi ne na ƙarshe.

Ingarman farko, Kili, ya hau ba gardama. Na biyun, Bidi, ya ɗan yi tirjiya don a san yana nan, sannan ya bi. Goɗiyar ta shiga, dukushinta na manne da cinyarta. Audi ya ɗaure kowa a kusurwarsa, ya sa itace tsakanin ingarmun don kada su ciji juna a hanya, ya sauko yana kakkaɓe hannu.

"Saura dattijo," in ji Mutawakkil. "Shi nike wa tsoro."

Audi ya yi dariya. "Shi ne mai sauƙin. Tsaya ka sha kallo."

Dattijon nan, Akawal, shi ne dokinsa na farko, baƙi wuluk a da, yanzu furfura ta ci masa fuska. Da bayansa aka yi wa gidan nan rufin kwano, da bayansa aka sayi sauran dawakin. Damina biyu ke nan da yanar ido ta rufe masa idanu duka biyun, ba ya ganin ko hasken rana. An sha ba Audi shawara ya rabu da shi, amsarsa guda ce: "Ni ne idonshi." Kuma kowa ya shaida. Kullum da safe Audi zai kwance shi daga turke, ya jefa masa igiyar a wuya, ya saɓa ƙwaryar dusa ya kama hanyar rijiya, ya ce, "Taho, Akawal." Dokin zai bi bayansa tiryan-tiryan, ya kauce wa kwata, ya karya kwana a bakin masallaci, ba mai riƙe da shi. Abu ɗaya ke ɓata wa Audi wannan kwalliya: wata tunkiyar Azumi mai kwaɗayin dusa, wadda ake kira Uwar Magana don bakinta ba ya rufuwa. Kullum tana gindinsa tana kuka, yana korarta da ƙafa tana dawowa. Jiya da Azumi ke rabon kayan sallama ga maƙwabta, ta ba Inna Turai tunkiyar kyauta a gaban mata, Audi har cewa ya yi, "Madalla, mun huta da surutu."

Ya shiga barga ya kwance Akawal. Ya lura dusar safe tana nan a komin da yake ci ba a taɓa ba, amma ya ce a ransa hayaniyar kwashe kaya ce. Ya jefa masa igiya a wuya, ya juya baya yadda ya saba, ya ɗaga murya don maƙwabtan da suka taru a ƙofa su ji.

"Taho, Akawal."

Ya yi gaba har tsakar gida kafin ya ji babu ƙarar kofato a bayansa. Ya waiwaya. Dokin na tsaye inda yake, kunnuwansa na juyawa gaba da baya, hancinsa na shaƙar iska.

"Taho mana, dattijo."

Ko motsi.

Audi ya koma ya shafa masa wuya, ya yi masa magana a kunne, ya ɗebo dusa a tafin hannu ya kai masa baki. Akawal ya kau da kai. Da abin ya ƙi, sai ya sa masa ragama ya ja, abin da rabonsa da yi har ya manta. Dokin ya biyo da ƙyar, yana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan ƙaya, jikinsa na rawa. Da suka isa bakin tudun ya ji ƙasa ta fara hawa, sai ya kafe. Maza biyu suka tura ta baya. Ya yi haniniya, ya ja da baya da ƙarfi, ƙafarsa ta gaba ta daki ƙarfen motar, jini ya tsattsafo.

"Ku bari! Ku sake shi!" Audi ya daka musu tsawa.

Mutawakkil ya cire hula ya sosa kai. "A samo zane a rufe mishi fuska. Haka nike wa masu tsoro."

"Mi za a rufe?" in ji Audi. "Allah ya riga ka."

Aka yi dariya, ban da Audi. Direban ya dubi rana, ya matso kusa ya rage murya.

"Malam Audi, ka san hanyar nan. Ni ba ni bari la'asar ta same ni a kanta, ko nawa za a ba ni. Ga dawaki a mota suna shan rana. In bai hau ba, akwai masu sayen irinshi, su loda su kai Kudu. Waya ɗaya zan buga."

Audi ya san abin da ake kai tsofaffin dawaki Kudu a yi da su. Gida ba nasa ba ne daga gobe, ba inda zai bar doki makaho, kuma dokin da ya ƙi taka tsakar gidan da ya sani ba zai taka hanyar Dutsin-Ma da ƙafa ba. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai saba ji ba. Amma da yake shi Audi ne, sai ya gyara zaman hularsa.

"Mai da wayarka aljihu. Da shi za mu tahi."

Ya ja Akawal inuwar katanga, ya wanke masa ciwon da ruwan gishiri, ya ɗaure da tsumma. Azumi ta fito da mayafi a kafaɗa, ta tsaya kusa da shi.

"Malam, ko ciwon ciki ne? Tun asuba nike jin shi shina bugun ƙasa."

"Ba ciwo ba ne. Na duba."

"To mi ya same shi?"

Bai sani ba, kuma wannan kalma ba ta saba fita daga bakinsa ba. Ya sake gwadawa a hankali, ba don kowa ya ji ba. "Akawal. Ni ne." Dokin bai ko juyo da kunne ba.

Ana cikin haka sai wani kuka ya taso daga bayan katanga, daga gidan Inna Turai. Kuka ne mai tsawo, mai naci, wanda duk unguwar ta sani. Akawal ya ɗaga kai a firgice. Kunnuwansa biyu suka miƙe suka nufi katangar. Ya yi wata ƙaramar haniniya daga cikin maƙogwaro, ya taka, ya sake takawa, sai da hancinsa ya taɓa ginin. Tunkiyar ta sake kuka, ya sake amsawa.

Audi ya tsaya da tsumma a hannu. Safiyoyin nan duka suka dawo masa ɗaya bayan ɗaya: shi a gaba da ƙwaryar dusa, Uwar Magana a gindinsa tana bin dusa, Akawal a baya. Ashe ita ke bin ƙwarya, doki na bin ta. Shi kuwa yana gaba yana ɗaga wa mutanen bakin masallaci hannu.

Azumi ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Kafaɗunta na motsi.

"Yi dariyarki a fili," in ji shi.

"Ni ban ce komi ba, Malam." Ta share ido. Sai kuma fuskarta ta canza. "Amma ka san ba ni iya zuwa in ce ta maido. A gaban mata na ba ta. Har kuka ta yi, ta ce rabonta da dabba tata ta kanta tun rasuwar mai gidanta. Ga ta da ciki kuma, tunkiyar."

"Na sani. Ba ke za ki ba."

Ya wanke hannu, ya zaga ya yi sallama a zauren Inna Turai. Tsohuwar ta ce ya shigo, ai shi ɗan gida ne. Ya same ta ta share wani lungu tsaf, ta kafa sabon turke, ta aje ruwa a tsohuwar tasa. Uwar Magana na ganinsa ta miƙe tana jan igiya, tana leƙen hannunsa ko da ƙwarya.

Ya durƙusa ya gaishe ta. Suka gaisa har gaisuwa ta ƙare, ya sake tambayar ƙafarta. A hanya ya shirya maganar sayen tunkiyar, ko ya musanya mata da rago. Da ya ga sabon turken nan sai duk maganar ta yi masa nauyi. Kyauta in an saye ta, an karɓe ta ke nan, ko da wane suna aka kira abin.

"Audi," in ji Turai, "ba ciwon ƙafata ya kawo ka ba, mota na jiranka. Mi ne ne?"

Sai kawai ya gaya mata gaskiya, tun daga ƙwaryar dusa har zuwa hancin doki a jikin katanga. Bai rage komi ba, har da abin da direba ya ce. Shi kansa ya yi mamakin yadda maganar ta fita ba wuya.

Tsohuwar ta yi dariya har da tari. "Wanga abu! Shekara biyu muna cewa Audi na da asirin doki!" Ta dubi tunkiyar, ta daɗe tana dubanta, dariyar ta tafi a hankali. "Ni dai ba ni maido kyauta. Azumi ta ba ni, na karɓa, na sa mata albarka. Tunkiyata ce."

"Haka ne, Inna."

"To tunda tawa ce, ina da ikon in ba wanda na ga dama kiwo. Kana karɓar kiwo?"

Audi ya ɗago kai. A iya saninsa, mai hali ke ba talaka kiwon dabba, ya riƙe masa, in ta haihu a raba. Bai taɓa jin gwauruwar da ke sayar da daddawa ta ba mai dawaki biyar kiwo ba.

"Ina karɓa," ya ce. "Kuma duk abin da ta haifa naki ne, ba ni son kaso."

"A'a. Yadda ake yi wa kowa haka za a yi. Haihuwar fari tawa, ta biyu taka. In ka ƙi kasonka, to sadaka kake mani, ni kau ba roƙo na yi ba." Ta ɗaga yatsa. "Kuma in na zo Dutsin-Ma na iske ta rame, in ɗauke abata. An ce mani kana harbinta da ƙafa."

"An daina, Inna."

Ita da kanta ta kwance igiyar ta miƙa masa. Ya ga hannunta ya ɗan tsaya a kan bayan tunkiyar kafin ta sake, ya yi kamar bai gani ba.

Da ya fito da Uwar Magana, mutanen ƙofar gida sun ƙaru. Bai yi wa kowa bayani ba. Ya shiga ya ɗebo dusar da Akawal ya ƙi ci, ya zuba a ƙwarya ya saɓa. Tunkiyar ta fara aikinta. Akawal ya sunkuyo ya shinshina bayanta, ya saki wani dogon numfashi, rawar jikinsa ta tsaya. Audi ya cire masa ragama, ya jefa masa igiya a wuya, ya juya ya hau tudun. Tunkiya ta bi ƙwarya. Kofato ya taka ƙasa, ya taka katako, motar ta ɗan girgiza. Sai da Audi ya kai ƙuryar bodin ya tuna bai ce komi ba.

Ya ɗaure su kusa da juna, ya aje musu ƙwaryar, baki biyu suka shiga ciki. Ya sauko aka rufe ƙofa. Azumi ta rungumi Inna Turai, wadda ta fito bakin zaure da sandarta, sannan ta shiga gaban mota. Audi ya shiga ya ja murfi.

Mutawakkil ya tayar da mota yana girgiza kai. "Wallahi na yi dakon dawaki da yawa, ban taɓa ganin irin wanga ba. Yanzu ko magana ba ka yi ba, ya bi ka. Mi ne ne sirrin, Malam Audi? Ita kuma tunkiyar ta mi ce?"

Azumi ta mai da fuska wajen taga.

Audi ya gyara hula, ya dubi hanya. "Ta uwar ɗakina ce," ya ce. "Kiwo aka ba ni. Ka bi ramukan nan a hankali, tana da ciki."