Mai Sunan Malam

Ku yi haƙuri da karambanina. Ni mai karanta littattafan mutane ce, ban taɓa rubuta nawa ba. Haushi ne ya sa ni.

An harbe kakana, Alhaji Bilya mai hatsi, a bakin titin tashar Ƙanƙara tun zamanin mulkin soja, ran kasuwa, da rana tsaka. Babana yana ƙarami lokacin. Kowa ya ji ƙarar bindiga, kowa ya ruga. Baraka mai fura ce kaɗai ta kasa gudu, kuma ta ji Alhaji ya kira sunan mutumin kafin ya faɗi. Da 'yan sanda suka tambaye ta, ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Mai sunan Malam ne." Mace mai kunya ba ta kama sunan miji, ko da a gaban hukuma ne.

To wane Malam? Mijinta na fari, Malam Uwais na Ƙanƙara, ya rasu. Malam Yahuza na Faskari bai daɗe da sakinta ba. Malam Gide na Sabuwa kuma ya kai sadaki, ana jiran ɗaurin aure. Duk ukun Malam take ce masu. 'Yan sanda suka gaji suka tafi, ita kuma aka kai ta ɗakinta a Sabuwa.

Bana Baba ya ji labarin Baraka ta kwanta ciwo. Ya rantse ba za ta tafi da sunan wanda ya mai da shi maraya ba. Inna ta yi ta roƙonsa kan halin da hanyar take ciki, bai ji ba. Ya ɗauke ni, don ni ce zan fara shiga cikin gida in nema mashi izini. Muka sha ramuka da addu'a har muka isa Sabuwa.

Hajiya Baraka tana kishingiɗe a kan tabarma, surukanta mata sun kewaye ta. Baba ya durƙusa ya ce ba sai ta faɗa ba, shi zai kira sunayen, ita ta gyaɗa kai kawai. Ya kira na fari, ta rufe fuska. Ya kira na biyu, ta rufe fuska. Na uku ma haka. Matan suka yi ta dariya suna yaba kunyar mutanen da, wai yanzu ba a samun irinta.

"Hajiya, don girman Allah. Ni ma na fara furfura."

"Ai na faɗi tun ran nan, ɗan nan. Mai sunan Malam ne."

Na raɗa wa Baba ya tambaye ta gari mana, na Ƙanƙara, na Faskari ko na Sabuwa, tunda gari ba miji ba ne. Ya ce, "Hafiza, manya na magana." Shekara da shekaru ba wanda ya yi tunanin wannan, kuma ni ce mara hankali.

Da aka kira azahar Baba ya tafi masallaci, matan suka fita alwala. Na matsa kusa, na tambaye ta Malam na wane gari. Ta riƙe hannuna.

"Ɗiyar nan, da can na san sunan sarai. Na yi ta ɓoye shi a baki har ya ɓace mani. Kunyar faɗa ma ubanki nike ji."

Baba ya dawo fuskarsa a sake, ya zo da sabuwar dabara. Ya buɗe hannu: ƙwayar masara, ta dawa, da ta gero, kowane Malam da tasa, ta ɗauki ɗaya kawai. Ya jera su a gabanta a hankali, ya gyara durƙuso yana jira.

Na ɗauki takalmana a hannu, na bi ta bayan turken awaki na fita.