A Gindin Tagar Suruka

Duk ranar Talata, kafin mata su gama dafa shayi a ɗakin koyon reno, Jakamarra ya riga ya mirgino tsohuwar tayar mota ya zauna a gindin taga, ya jingina da bangon kwano mai zafi. Shi kaɗai ne namiji a shirin, shi kaɗai ne kuma bai taɓa taka ƙofar ba.

Ba raini ba ne. Mai koyarwar ita ce Nangala, uwar marigayiya matarsa, kuma a al'adarsu, tun kaka da kakanni namiji ba ya haɗa ɗaki da surukarsa. Ba ya kallon fuskarta, ba ya yi mata magana, in sun yi kaciɓus a hanya sai ɗaya ya ratse. Mutuwa ba ta sassauta dokar ba. Yana cikin zaman makoki 'yarsu Tilda ta rame, kunnenta ya fara zubar da mugunya, ma'aikatan kula da yara suka zo da farar mota suka tafi da ita birnin Alis. Gidan kakar, suka ce, mutane sun yi yawa. Uban kuwa, in yana son 'yarsa, ya halarci shirin reno su gani.

To ya halarta, ta taga. Nangala mace ce mai sanyin murya, amma ranar Talata sai ta riƙa magana kamar mai kiran wani a tsallaken rafi.

"Inna, a hankali mana, za ki tashi jarirai!" in ji wata mai goyo.

"Ai ba da mu take ba," in ji Raelene, taubashiyarsa. Ta leƙo ta taga. "Kai babban ɗalibi! Ka ji yadda ake wanke ɗuwawun jariri, ko a kawo naka a gwada?"

"Ke dai fara wanke bakinki," in ji shi. Mata suka kwashe da dariya.

In Nangala na da saƙo na musamman, karenta take ba wa. "Biskit, gaya wa na waje, yaro in ya tsorata ba a cafko shi. Durƙusawa ake yi, a buɗe hannu, a jira. Shi zai zo da kansa." Jakamarra ya haddace wannan har yana gwadawa shi kaɗai a bayan gida.

Baturiyar da ta fara riƙe shirin ta gane komai, har ta sa aka ɓalle ragar tagar don murya ta fita. Amma waɗannan mutane ba sa daɗewa. Da ka fara saba wa da fuskar ɗaya sai ka ga ƙurar motarta. Wadda ta gaje ta, Megan, ba muguwa ba ce. Raelene ta yi mata bayani, ta gyaɗa kai, ta ce tana girmama al'ada ƙwarai. Sai dai manyanta na birni tambaya ɗaya suka iya: ya shiga ko bai shiga ba? Kuma bai shiga ba.

Ranar da aka kawo Tilda ziyara, daga inda yake zaune ya hango ta. Ta yi ɓulɓul, an ɗaure mata gashi, har da takalmi. Aka shigar da ita, ya ji kukan Nangala da waƙar da take yi wa jikarta. Can Megan ta fito, da wata ma'aikaciya mai yawan duba agogo.

"Yau ranarka ce," in ji Megan. "So suke su gan ka da ita. Don Allah ka shigo."

Ya miƙe, ya je bakin ƙofa, ƙafarsa ta ƙi. Sai ya ji waƙar ta yanke, ya ji ƙarar ƙofar baya. Tsohuwa ta sauke jikar da ta daɗe ba ta rungume ba, ta lulluɓe kanta da tawul ta fice, ta bar masa ɗakin.

Ya shiga. Tilda ta ga ƙato baƙo mai gemu ya tare haske, ta tsandara ihu ta shige ƙarƙashin tebur. Zuciyarsa ta ce ya janyo ta ya ƙanƙame. Bai yi ba. Ya durƙusa, ya buɗe hannu, ya kira ta da harshensu, da sunan da uwarta ke kiranta. Ta dube shi kamar ba da ita yake ba, tana kuka da Turanci, tana kiran matar da ke riƙonta a Alis.

Ya jira. Gwiwoyinsa suka yi tsami, ya jira. Kukan ya fara lafawa, har ta zuro ƙafa ɗaya waje. Mai agogo ta ce hanya da nisa, dole su tafi tun da rana.

Hukuncin bai daɗe ba. Yarinya ba ta san ubanta ba, raba ta da inda ta saba zai cutar da ita, za a sake dubawa nan gaba. Kowa a garin ya san ma'anar nan gaba, don akwai waɗanda suka yi furfura suna jiranta.

Talatar da ta biyo, Jakamarra ya mirgino tayarsa, don bai san inda zai kai kansa ba. Babu wadda ta leƙo ta tsokane shi. Muryar Nangala ta koma ƙasa, ya kasa kunne bai tsinci komai ba. Sai da mata suka watse ya ji takunta ta matso jikin bango, tana numfashi da ƙyar.

"Biskit," in ji ta, "gaya wa na waje bai yi kuskure ba. Duk abin da na koyar, ya yi. Gaya masa ya tafi gida, ba ni da sauran abin da zan koya masa."

Karen kuwa yana waje, kwance a kan ƙafar Jakamarra, ko kunne bai ɗaga ba.