Ƙwarya a Kan Darni

Mu biyu aka zaɓa daga ƙauyenmu, can bayan Karofane, mu je Buza a koya mana aikin kula da lafiyar yara: ni da Fatsima mai ƙosai. Ni an zaɓe ni don na ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko. Ita kuwa, mai gari cewa ya yi babu gidan da Fatsima ba ta san inda randarsa take ba. Ya yi gaskiya. Mace ce mai baki, in ta fara tsiya sai ka nemi hanyar gudu, amma ban taɓa ganin wadda ta iya tafiyar da mutane kamarta ba.

Majo Nura, babban malamin asibitin yankinmu, shi ya koyar da mu. Ya ba mu wata 'yar igiya mai kore da ɗorawa da ja, ta awon dantsen yaro. Ya nuna mana yadda ake danna bayan ƙafa da babban yatsa: in aka ɗaga rami ya zauna, to ba ƙiba ba ce, tamowa ce mai kumburi, kuma ba ta jira. Ya yi ta nanata mana abu guda, wai kowane gida muka shiga mu fara tambayar uwa, don ita ta fi kowa sanin ɗanta.

Fatsima ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta. Ta ce, "Majo, in ɗan hwari na hwa?"

Ɗaki ya kwashe da dariya, don kowa ya gane. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Na kaka ne. Ko faɗuwa ya yi a gabanta, in da surukai a wurin, sai ta kau da kai wani ya ɗauka. Majo ya yi murmushi ya ce shi ma ɗan fari ne, mutumin Keita, kuma har ya yi furfura bai ji sunansa a bakin uwarsa ba. Ya ce, "Wanga ba shi cikin abin da anka koya min, Inna. Don shi munka kira ku. Ku kunka san ƙohwar da za a bi."

Muka dawo gida ana ce mana rele, wato wakilan asibiti a ƙauye, muna zaga gidaje. Damina ta yi nisa, rumbuna sun yi ƙasa, gero bai nuna ba, lokacin da yara suka fi shan wuya ke nan.

Gidan Inna Rabi ne ya tsaya mana a wuya. Ɗan farinta Mahaman ya tafi Libiya nema, ya bar matarsa Husna da ɗansu na fari, Ridwan, wanda ba a daɗe da yaye shi ba. Muka tarar da Husna tana daka. Na tambaye ta yaro, ta ce lafiya lau, idonta a kan turmi. Inna Rabi ta leƙo daga ɗaki da shi a kafaɗa, an lulluɓe shi da zane.

Ta ce, "Haƙora na ka damun angona. Ku duba kumatu, ƙiba ma shi kai." Da na fito da igiya sai ta ja da baya. "Jikana ba buhun hatsi ba na da za ku auna min shi."

Raina ya ɓaci, har na buɗe baki. Fatsima ta taka min ƙafa, ta yi wa tsohuwa sallama da fara'a, muka fito. A hanya ta tambaye ni ko na lura da dakan Husna. Ta ce tun shigarmu yarinyar take luguden gari wanda ya riga ya daku, hannu kawai ke aiki, kunnenta yana ɗaki.

Da safe Fatsima ta bar kaskon ƙosanta, ta ja ni rijiya. Ta jira har Husna ta cika tulu, ta kama mata za ta aza. Ba ta ce ɗanki ba. Ta dubi wani wuri can ta ce, "Angon Rabi shina cin tuwo kuwa?"

Husna ta girgiza kai kaɗan.

"Shina wasa?"

Ta sake girgizawa.

Sai Fatsima ta duƙa kamar mai cire ƙaya, ta danna bayan ƙafarta da yatsa, ta ɗaga a hankali yadda yarinyar za ta gani. Ta ce, "Ɗiyata, ban ce ki hwaɗi komi ba. In tsohuwa ta tahi alwala, ki yi mai haka. In rami ya zamna, kihe ƙwarya bisa darni. Sauran aiki nawa na."

Abin nan ya burge ni har yau. Ni da na so in yi wa'azi a kan al'ada, in ce a bar kunya tunda rai ake magana. Fatsima ba ta taɓa kunyar yarinyar ba ko da ɗan yatsa. Ta bar mata abarta, ta huda mata 'yar ƙofa a gefe.

Kafin azahar muka ga ƙwarya a kife a kan darnin gidan, fara tas, a inda ba mai shanya ƙwarya.

Fatsima ta shiga da tsiyarta. "Rabi, na zaka amshe miki miji. Ke kin tsuhwa, ba ki iya riƙon ango." Tsohuwa ta yi dariya ba ta shirya ba, ta ce ai ko an ba Fatsima shi ba ta da abin ciyar da shi sai ƙosai. Ana cikin haka yaro ya koma cinyar Fatsima. Ta yaye zane, ta kama yatsan Inna Rabi da kanta, ta ɗora a ƙafar jikanta, ta danna. Da suka ɗaga, ramin ya zauna kamar a cikin tuwo mai sanyi.

Dariya ta ɗauke. Fatsima ta sassauta murya ta ce, "Ruwa na, Yaya, ba ƙiba ba. Ke kinka gani da hannunki, ke za ki kai shi. Mu rakiya za mu yi."

Inna Rabi ta daɗe tana kallon ƙafar. Sannan ta ce a kira maƙwabcinsu Gajere ya ɗaura wa jaki amalanke. Ita ta goya yaron. Husna ta zauna can ƙarshen amalanke ta ba su baya, kamar wadda aka rage wa hanya zuwa kasuwa. Ni da ke kusa da ita na ga yadda ta damƙe bakin katako har jijiyoyin hannunta suka tashi.

Da muka isa asibitin yankinmu, Majo Nura yana ganin yaron ya ce sai babban asibitin Buza, ya kira mota. Amma ya ce kafin a kama hanya dole ya ɗan sha ruwan sukari, don jikinsa ya yi sanyi ƙwarai. Aka kawo a kofi da cokali. Ridwan ya ƙi buɗe baki, ido a lumshe, wuya ya saki. Inna Rabi ta yi ta kiran angona, angona, ko motsi bai yi ba. Majo ya dubi Husna da ke rakuɓe jikin bango, ya dubi tsohuwa. Tsoro ya kama ni sosai.

Fatsima ta miƙe ta dafe ƙugu. "Yaya Rabi, taho ki kama min, amalanken ga ya karya min baya. Majo, kai ma taho ka gwada muna inda ruwa yake, la'asar ta yi." Ta karɓi yaron ta ajiye shi a kan gado, ta sa kofi a gefensa, ta tura su waje, ta yafuto ni da ido. Muka bar Husna ita kaɗai da shi.

Ba mu yi nisa ba. Muka tsaya a inuwar bango, ƙarƙashin taga, buta a hannun Inna Rabi. Can muka ji murya ƙasa-ƙasa, kamar ta mai koyon magana.

"Ridwan. Ridwan, ni ta. Buɗe baki, Ridwan."

Sai ƙarar cokali a jikin kofi, sai wani ɗan kuka siriri wanda ban taɓa jin daɗin kukan yaro kamarsa ba. Majo ya leƙa ta taga, ya juyo ya gyaɗa mana kai.

Na saci kallon Inna Rabi, ina jiran ta ce yaran zamani ba su da kunya. Fatsima ma ta matsa kusa da ita, ta fara cewa, "Yaya, mu dai ba mu ji komi ba."

Tsohuwa ta ajiye buta, ta goge ido da bakin mayafi.

Ta ce, "Ni na jiya. Bar ta ta kira abinta. Nawa har ya hau mota zuwa Libiya ina tsaye, ban kira ba."