Ƙaramar Bindigar Mama

Abu biyu ne suka kayar da Baba a gonar kankana: ramin amadilo da taurin kansa. Shi dai har yau ya ce ramin ne kaɗai.

Duk manomin da ke yankinmu na Texas ya san amadilo, kuma babu mai yi masa fatan alheri. Girmansa bai wuce na ƙatuwar kyanwa ba, ga dogon baki, ga ɓawo mai tauri ya rufe masa baya, shi ya sa Baba yake ce masa Mai Sulke. Ba ya cin kankana, tsutsar ƙasa yake nema, amma kafin ya samu tsutsa ɗaya ya tone maka saiwa goma. A bana wani ya tare a ƙarƙashin tsohon rumbunmu, ya mai da gonar Baba gidan ubansa.

To, da sassafe Baba ya hango shi yana tono, ya ɗauko libarbar da ya gada wajen mahaifinsa, mai lamba arba'in da biyar, wadda harsashinta ya kai kaurin yatsa. Mutum ya ba saba'in baya da nisa, hannu yana rawa tun ciwon da ya yi bara, amma wai ita zai harba da hannu ɗaya. Ya ja kunama, bindiga ta shure shi, ya ja da baya, ƙafa ta zurma rami. Mai Sulke ya yi tafiyarsa lafiya lau. Baba kuwa nan ya kwanta cikin yabanya har rana ta take, sai da mai kawo abincin kaji ya ji yana zagin sama da ƙasa.

Mu huɗu Mama, wato marigayiya Bernice, ta haifa. Yaya Dwayne ne babba, yana Houston. Sai ni, Loretta, da nake tuƙa motar 'yan makaranta a garin da ke kusa. Sai Curtis, sai autarmu Darlene. Ranar Lahadi bayan coci duk muka hallara a gidan gona, Baba yana zaune da ƙafa a naɗe bisa kujera, fuska a murtuke don ya san abin da ya tara mu.

Yaya Dwayne bai yi wani kwana-kwana ba. Ya ce, "Baba, na gyara maka ɗaki a gidana. Da taga mai kallon lambu, asibiti ga shi kusa. Ka haɗa kayanka."

"Lambun me?"

"Lambu dai, Baba. Ciyawa da furanni."

"Ciyawar da ba a ba saniya? Allah ya sauwaƙe."

Na so in yi dariya, amma ban yi ba, don na ga idon Yaya Dwayne. Ba mugunta ce ta kawo shi ba. Ni na gan shi a farfajiyar asibiti ranar Talata da aka kai Baba gyaran ƙafa, ƙato da shi, ya jingina da bango yana kuka. Tsoro yake ji kada wata rana a kira shi a ce an tsinci Baba a gona, kuma wannan karon ba zagi yake yi ba, rai ne ya yi halinsa. Ni ma ina jin wannan tsoron. Sai dai na san in aka raba Baba da ƙasar nan, inda aka haife shi, inda yake hango makabartar cocin da Mama take kwance daga bakin ƙofa, ba zai kai Kirsimeti ba.

Aka ja, aka ja. Can Baba ya buga tebur har cokula suka yi tsalle. "To ku ji. Kafin kankanar nan ta nuna, zan kashe Mai Sulke da hannuna, a gaban idonku. In na kasa, Dwayne, ka zo ka kwashe ni kamar buhun masara. In na yi, kada in ƙara jin sunan Houston a gidan nan."

Yaya Dwayne ya miƙa masa hannu, suka tafa. A wajenmu an gama magana ke nan.

Daga nan fa aka buɗe babin da maza suka fi so a duniya: bindiga mai wace lamba ce ta dace? Wallahi da za a ba su dama, da har yanzu suna kan teburin nan.

Curtis ya ce, "Talatin da takwas, Baba. Ba ta shuri sosai, kuma tana huda ɓawon. Zan kawo maka tawa."

"Taka? Wadda ka harbi tankin ruwana da ita?"

"Haba Baba, ina ɗan shekara sha biyar fa lokacin!"

"Tankin bai manta ba, har yanzu yana ɗiga."

Yaya Dwayne kuwa sai ya gyara zama, ya ce cikin ladabi, "Ni dai a ganina, Baba, ka tsaya kan arba'in da biyar ɗinka. Ita ka sani, ita ta san ka."

Na dube shi. Kai, Yaya Dwayne! Wato ya san sarai hannun Baba ba zai ƙara iya riƙe wannan jakar bindiga ba, shi ya sa yake zuga shi. Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah, yanzu fa ka fito daga coci."

"Me na ce? Shawara na bayar."

Darlene tana yanka burodin kolache mai zaƙi da ta gasa, ta ce, "Ni ban ga abin wahala ba. A sa masa tarko mana, a kai shi bayan rafi a sake."

Maza uku suka juyo suka kalle ta kamar ta zagi kakansu. Ta ce, "To, Allah ya ba ku haƙuri," ta ci gaba da yankanta.

Ni kuwa na ture kujerata baya. Na tashi na shiga ɗakin ɗinkin Mama, na jawo aljihun keken ɗinkinta na ƙasa. Tana nan inda ta bar ta, a naɗe cikin tsohon ƙyallen shara: 'yar libarba mai lamba ashirin da biyu, mariƙinta ya yi santsi don riƙo. Da ita Mama ta tsare akurkin kajinta shekara da shekaru. Maciji, ɓera, amadilo, babu wanda ya zo ya koma ya ba da labari. Na kawo na ajiye a gaban Baba.

Curtis ya fashe da dariya. "Wannan? Harsashinta kamar ƙwayar gyaɗa! Ai ɓawon zai dawo masa da shi."

Na ce, "Amadilo nawa ka binne wa Mama da shebur, Curtis? Ko su ma dawo mata da shi suka yi?"

Ya kau da kai, ya kai hannu ga burodin Darlene.

Baba bai taɓa ta ba. Ya ɗauke kai ya ce, "Bindigar mata ce. Mayar da ita."

Kowa ya ɗauka girman kai ne. Ni na san ba shi ba ne. Tun rasuwar Mama bai taɓa kayanta ba, ko tabaranta yana nan kan taga inda ta ajiye. Raina ya ɓaci, tausayinsa kuma ya kama ni, duka a lokaci guda. Ban mayar ba. Na bar masa ita kan tebur, kusa da kwalbar gishiri, muka watse.

Makonni suka shige. Ƙafa ta warke, kankana ta fara girma, Mai Sulke yana ta aikinsa. Duk Lahadi muna can. Curtis ya kawo talatin da takwas ɗinsa, Baba ya gwada a kan gwangwani, ya samu reshen bishiya. Ya gwada arba'in da biyar da hannu biyu, ya samu sararin samaniya, wuyan hannunsa ya kumbura. Yaya Dwayne yana gasa nama yana fito, har ya fara auna akwatin Baba da ido. Ni kuwa abinci ya daina yi mini daɗi.

Wata ranar Alhamis na biya da yamma in kai masa magani. Tun kafin in kashe mota na ji wata 'yar ƙara daga bayan rumbu. Tas. Shiru. Tas. Ba rugugin arba'in da biyar ba ne. Wannan ƙarar da ita na tashi, ita ce take gaya mana Mama ta gama da macijin akurki, a ɗora ruwan shayi. Na zauna cikin mota na sha kukana, na share fuska, na ajiye maganin a bakin ƙofa, na juya ban bari ya gan ni ba.

Lahadin da kankana ta nuna, Yaya Dwayne ya zo da babbar motarsa, ya kwantar da kujerun baya. Ya ƙwanƙwasa kankana ɗaya da yatsa, ta amsa. Ya ce, "Baba, ta nuna fa."

"Na ji. Ba kurma ba ne ni."

Muka ci nama a inuwar baranda, kowa yana satar kallon rumbu. La'asar ta yi sanyi, sai Darlene ta cafke hannuna. "Ga shi can!"

Mai Sulke ya fito, hanci a ƙasa, yana tafe yana shinshina. Amadilo ba ya gani sosai, in iska ba ta kai masa warinka ba, sai ya zo har gabanka. Baba ya miƙe a hankali, ya sa hannu a aljihun rigarsa, ya zaro bindigar Mama. Curtis ya buɗe baki, na taka masa ƙafa.

Baba ya sauka daga baranda, ya taka har bakin shinge, mu muna bayansa. Ya laluba aljihu ya kai wani abu fuska, sannan ya ɗora hannu bisa gungumen shingen, ya saita. Rawar hannun ta tsaya cak. Na ga Yaya Dwayne ya ajiye abin da yake ci.

Sai ga wani abu ya biyo bayan Mai Sulke daga ramin. Ƙarami, ɓawonsa bai ma yi tauri ba. Sai wani. Sai wani, sai na huɗu. Ashe Mai Sulke mace ce! Haka suke haihuwa dama, huɗu-huɗu, kamarsu ɗaya sak. Suka jeru a bayanta, in ta tona su tona, in ta tsaya su ci karo da juna.

Darlene ta ce, "Wayyo Allah, dube su!"

Baba ya daɗe a haka. Ina kallon bayansa. A raina ina cewa, harba mana Baba, don girman Allah harba, gidanka ne a bakin bindigar nan. Amma ya sauke hannu.

Ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Uwa ce da 'ya'ya huɗu. Da bindigar Bernice kuma? A'a."

 Yaya Dwayne ya share maƙogwaro. "Baba, mun tafa fa."

"Mun tafa. Dwayne, gwangwanin wa na gani can kan turken madatsar ruwa?"

"Nawa ne, ɗazu na manta shi."

"Kullum sai ka bar mini shara a gona."

Turken nan ya ninka nisan Mai Sulke sau biyu, tudun ƙasa a bayansa. Baba ya ɗaga bindigar Mama. Tas! Gwangwani ya yi sama yana juyi. Su kuma amadilo, ka san halinsu in sun firgita: uwa da 'ya'ya, su biyar, suka yi tsalle sama tsaye a lokaci ɗaya, suka faɗo, suka ruga rami, na ƙarshen ya ɓata hanya ya shiga bokiti.

Curtis ne ya fara dariya. Ya riƙe ciki ya durƙusa, Darlene ta faɗa jikina, ni ina dariya ina hawaye. Baba ya zare wani abu daga fuska ya cusa a aljihu, sannan ya juyo ya nuna na cikin bokitin da haɓa ya ce, "Wancan Curtis ne. Mai tura 'yan'uwansa kuwa Dwayne."

Yaya Dwayne bai yi dariya ba. Ya taka har madatsar ruwa, ya ɗauko gwangwanin, ya dawo yana juya shi. Huda ce a tsakiya, ta shiga ta fita. Ya tsaya gaban Baba, idonsa ja.

"Amma dai ba ka cika alkawari ba."

"Ban cika ba," in ji Baba. Ya tsaya yana jira, kuma na ga da gaske in an ce ya shiga mota zai shiga.

Yaya Dwayne ya dubi gwangwani, ya dubi motarsa, ya dubi rumbu. Ya ce, "To ai shi ke nan. Tunda ba ka cika ba, dole in riƙa zuwa duk Lahadi in duba ko ka cika."

"Ka riƙa tahowa da shebur. Su biyar ne yanzu, akwai ramukan cikewa."

Sai a lokacin Yaya Dwayne ya yi dariya, ya rungume Baba har hularsa ta faɗi. Curtis ya fasa kankanar nan a kan gwiwa, ja wur, muka ci da hannu a tsaye, ruwan yana bin gwiwar hannunmu. Ban taɓa cin mai zaƙinta ba.

Da za mu tafi na koma ciki ɗaukar jakata. Na tarar da Baba a ɗakin ɗinki, ya goge bindigar yana naɗe ta cikin ƙyallenta. Tabaran Mama yana kan hancinsa.

Na ce, "Baba, wannan ai na Mama ne."

Ya ɗago ya dube ni ta saman gilashin, yadda take yi. "To da me kike tsammani na ga gwangwanin? Ki rufa mini asiri wajen yayanki."