Ranar Rabon Hannaye

A garin nan ba a ce wa bawa bawa. Hannu ake ce masa. Kowane hannu yana da shuɗiyar igiya a wuyan hannunsa na hagu, an liƙe ƙullin da darma yadda ba za ta fita ba sai an yanka. Kuma hannu ba ya cewa "ni" a gaban masu gida, sai dai ya ce "wannan hannun".

Tsinke ta shekara talatin tana saƙa a masaƙar Maigida. Siririya ce, shi ya sa sunan ya bi ta. 'Ya'yanta maza biyu an sayar da su tun suna ƙanana. Saura 'yarta Auta, budurwa ƙaƙƙarfa, wadda ke wanke zare da jan ruwa.

Da Maigida ya rasu, aka sa rana ta bakwai don rabon hannaye tsakanin 'ya'yansa biyu. Ana gobe rabo, da hantsi, Tsinke tana durƙushe bayan tulin zare tana neman ƙoshiyarta ta saƙa da ta faɗi, sai ga babban ɗan, wanda kowa ke kira Yaya Babba, ya shigo da dillalin ramin gishiri.

"Masaƙan ba zan taɓa su ba," in ji Yaya Babba. "Amma majiya ƙarfin nan huɗu, da zarar sun faɗo rabona, naka ne."

"Har da yarinyar da na gani a bakin rijiya?"

"Har da ita."

Tsinke ta san Auta ake nufi. Kowa ya san ramin gishiri. Wanda ya shekara uku a ciki idanunsa sun mutu, wanda ya shekara biyar kuwa ba a ƙara jin labarinsa.

Ƙofa ɗaya ce doka ta bar wa hannu, ita ce haɗa-kwano. In ubangida ya ci abinci kwano ɗaya tare da wani hannu nasa, kuma wani 'yantacce ya gani ya yi shaida, to, wannan hannun ya fita daga bauta. Shi ya sa masu gida ke tsoron kwanon bayi kamar wuta.

Tsinke kuwa tana da wannan ƙofar. A ciwonsa na ƙarshe Maigida ya ƙi abincin kowa. Wata rana tana zaune a bakin ɗakinsa tana shan romonta, ya ce, "Kawo in ɗanɗana." Ya sa cokalinsa, ya ce mata, "Ci mana." Suka ci har kwanon ya ƙare. Mutum ɗaya ce ta gani, Gwaggo, yayar Maigida. Ita ce ta taɓa sa Tsinke ta warware zane sukutum saboda zare ɗaya ya karkace. Tun ranar nan Gwaggo ba ta ɗaga zancen ba.

Da azahar Tsinke ta samu Auta a bayan masaƙa tana shanya zare.

"Gobe duk abin da kika ji na faɗa, ki ce haka ne. Romo ne, a ƙaramin kwanon nan mai tsaguwa. Da hagu ya ci, damansa ya shanye. Kin riƙe?"

"Inna, ai ke ce kika..."

"Na ce kin riƙe?"

"In Gwaggo ta ƙaryata fa?"

Tsinke ta ɗauki ƙullin zare ta matse shi, ruwa ya zuba.

Washegari aka jera hannaye goma sha ɗaya a tsakar gida, cikin rana. Mai-rabo, jami'in da hukuma ke turowa, ya zauna a inuwa da ƙaramin tebur, ya ajiye wuƙarsa a kai. Yaya Babba da ƙanensa suna damansa. Gwaggo tana gefe a kujerarta, ta tallafe haɓa da sanda. Dillalin ya jingina da bango yana sakace.

Mai-rabo ya yi tambayar da doka ta ce a yi, ko ɗaga kai bai yi ba, don ba a saba amsa ta ba.

"Akwai hannun da ke da magana kafin a raba?"

Tsinke ta tako gaba.

"Ranka ya daɗe, wannan hannun yana da magana. An haɗa kwano a gidan nan."

Dillali ya cire tsinken sakace daga baki.

"Da wa?" in ji Mai-rabo.

"Da 'yar wannan hannun."

Yaya Babba ya miƙe zumbur. "Ƙarya take! Yarinyar nan ko ƙofar ɗakin Baba ba ta taɓa takawa ba!"

"Zauna," in ji Mai-rabo. Ya dubi Tsinke da kyau. "Kin san hukuncin hannun da ya yi ƙarya a gabana? Ke da wadda kika yi dominta, rami za ku, yau ɗin nan. Kina so ki janye?"

"Wannan hannun ba zai janye ba."

Ya yafito Auta. Ta zo ta durƙusa, zufa na ɗiga daga haɓarta.

"Me ke cikin kwanon?"

"Romo, ranka ya daɗe."

"Da wane hannu ya ci?"

"Da hagu."

"Me ya ce miki da kuka gama?"

Wannan ba a koya mata ba. Auta ta buɗe baki ta rufe. Mai-rabo ya fara ƙwanƙwasa tebur da yatsa.

"Ya ce... ya ce gishiri ya yi kaɗan."

Wani tsohon masaƙi a layi ya kasa riƙe dariya. Har ƙanen Yaya Babba sai da ya sunkuyar da kai yana murmushi, don tsohon bai taɓa cin abinci bai faɗi haka ba.

"Wannan kowa ya sani!" in ji Yaya Babba. "Ina shaida?"

"Gwaggo tana wurin," in ji Tsinke.

Yaya Babba ya koma ya zauna, ya sauke ajiyar zuciya. "Madalla. Gwaggo, gaya musu."

Gwaggo ba ta yi sauri ba. Ta gyara zama. Ta dubi Auta, sannan ta kafe Tsinke da ido, irin kallon da take yi wa zane in tana neman aibu. Tsinke ta san dokar hannu ita ce ya duƙar da kai, amma ta kasa. Ta tsaya tana kallon tsohuwar. Tsakar gida ta yi tsit, sai ƙarar guga da iska ke bugawa a bakin rijiya.

"Na ga an haɗa kwano," in ji Gwaggo.

"Da wa, Iya?" in ji Mai-rabo.

"Kai kurma ne? Ba yanzu aka gaya maka ba?"

"Doka tana so ya fito daga bakinki, da rantsuwa."

Gwaggo ta daɗe tana juya sandarta. Sannan ta ce, "Na rantse. Da yarinyar."

"Gwaggo!" Yaya Babba ya daki cinyarsa. "Kin san me kike yi kuwa?"

"Kai kana ina a lokacin? Wata biyu ubanka yana kwance, sau nawa ka leƙa shi? Ka zo kana min ihu kamar ni ce matarka."

Mai-rabo ya ɗauki wuƙa. Ya kama hannun Auta, ya zura tsinin ƙarƙashin igiyar, ya fizga. Fatar wurin ta fito fara tas. Auta ta tsaya tana kallonta, ba ta yi kuka ba, ba ta yi murna ba.

Aka ci gaba da rabo. Yaya Babba ya nuna Tsinke da baki ya ce wa dillali, "To ɗauki uwar a madadinta."

Dillali ya dube ta sama da ƙasa. "Wannan? Ko kwando ba za ta ɗaga ba. Iska ma sai ta tambaye ta ina za ta."

"To ba na son ganinta a gidan nan."

Haka ta faɗa rabon ƙanen, wanda ke zaune a wani gari, tafiyar kwana uku. Sauran majiya ƙarfin uku kuwa, kafin la'asar dillali ya tasa su gaba. Babu wanda ya yi magana dominsu.

Da yamma Tsinke ta je ɗakin Gwaggo ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Kada ki gode min," in ji Gwaggo, ba ta juyo ba. "Shekara tamanin ban taɓa rantsuwa a kan ƙarya ba sai yau. Da kin ce ke ce, da ban buɗe baki ba, wannan ma ki sani. Tashi ki ba ni wuri."

Da safe aka ɗora kaya a amalanke. Tsinke ta hau baya, ta zauna a kan ƙunshin zare. Sai ga Auta da ɗan ƙullin kayanta a ka.

Ƙanen ya ce, "Ke kuma ina za ki? Ba tawa ba ce ke. Ba zan ciyar da ke ba."

"Ban ce ka ciyar da ni ba. Hanya ce, kowa na bi."

"Koma, 'yar nan," in ji Tsinke. "Ki nemi aiki a nan. Don wannan na yi?"

Auta ta yi kamar ba ta ji ba. Amalanke ya tashi, ta bi shi a ƙasa. Ta bi shi wuni guda, Tsinke na yi mata faɗa har muryarta ta dishe. A rana ta biyu ƙafafunta suka kumbura, ta fara ɗingishi. Da suka iso mashigin kogi, matar ƙanen, da ke zaune a amalanken, ta yi tsaki, ta janye kwandonta gefe, ta ce, "Hau mana, kafin ki faɗi ki ja mana magana."