Yadda Alhaji Abdulgani Ya Samu Goggo

Alhaji Abdulgani dillalin shanu ne a Njamena, kuma har ya haura shekara sittin bai taɓa damuwa da labarin kakansa ba. Abin da ya sani shi ne abin da kowa ya sani a tsohon gidansu na unguwar Bololo. Sunan kakan Malam Waliyyullahi. Ya taso daga yamma a ƙafa da niyyar Makka, ya yada zango a garin nan tun ana kiransa Fort-Lamy, ya auri wata mata mai suna Luba, ya gina ɗakuna biyu, aka haifa masa Dawuda, mahaifin su Alhaji. Yaron bai fara magana ba Malam ya ci gaba da tafiya, ya rasu a hanya. Ba wanda ya san inda kabarinsa yake, kuma rashin sanin ya ƙara masa daraja.

Abin ya canza ne ranar da Alhaji ya je walimar suna gidan wani abokin sana'arsa, Alhaji Lukumanu. A bangon falon akwai wata ƙatuwar bishiya da aka zana cikin gilashi, kowane reshe da suna, saiwarta ta kai har Timbuktu. Baƙi suka riƙa tsayawa gabanta da kofin shayi a hannu suna gyaɗa kai. Alhaji Abdulgani ya san uban Lukumanu, ya san mahauci ne a kasuwa, amma ya ga yadda aka ba Lukumanu addu'ar rufe taro saboda bishiyar nan. Ya koma gida bai ci abincin rana ba.

Washegari ya kira ƙanensa Muntasir, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda shi kaɗai a gidan ke karanta Faransanci ba tare da ya bi layi da yatsa ba.

"Ina son ka nemo mana asalinmu," in ji Alhaji. "Tun daga Malam har sama, iya inda ka samu."

"To Yaya, idan na samo abin da ba ka so fa?"

"Mutumin da ya rasu a hanyar Makka, me za ka samo a kansa sai alheri?"

Muntasir ya fara da tsofaffin unguwa. Wani tsohon ladani ya rantse cewa Malam Waliyyullahi Bakano ne, ubansa ya gaya masa. Wata tsohuwa mai sayar da turare ta ce ɗan Damagaram ne, har tsagen fuskarsa ta kwatanta, ko da yake da Muntasir ya yi lissafi a zuci ya ga ba a haife ta ba lokacin. Wani kuma ya ce Bakatsine ne, kuma ya haddace littattafan da raƙumi ba ya iya ɗauka. Kowa ya sha shayin da Muntasir ya saya, kowa ya ba shi kaka daban.

Daga nan ya koma ofishin da ake ajiye tsofaffin takardun zamanin Turawa. Ya yi makonni yana zuwa a kan babur ɗin haya, yana atishawa cikin ƙurar takardu. Turawan ba su wahalar da kansu da dogon suna ba, duk wanda sunansa ya fara da Wali sun rubuta shi Wali kawai. Muntasir ya samu uku a shekarun da suka dace. Ɗaya an yi masa rigakafin agana. Ɗaya ya wuce gabas da takardar izini. Na ukun an tsare shi kwana ɗaya saboda jakinsa ya shiga lambun wani Bature ya cinye salak.

"Wannan na jakin ba namu ba ne," in ji Alhaji tun kafin Muntasir ya gama karantawa.

"Shi kaɗai aka rubuta cewa yana zaune a Bololo, Yaya."

"Bololo ai ba mutum ɗaya ne a cikinta ba."

Aka kira taron dangi a tsakar tsohon gidan, inda yayarsu Halimatu ke zaune tun rasuwar mijinta. Ta shimfiɗa musu tabarmi ta koma bakin murhu tana jin su. Aka daɗe ana gardama a kan garin da Malam ya fito. Masu harka da Kano suka ce Kano. Wani da ya auri 'yar Damagaram ya ce Damagaram. A ƙarshe aka ɗaga hannu, Katsina ta yi rinjaye, saboda Alhaji ya ce ita ta fi dacewa da malami. Muntasir ya ce ba a zaɓen kaka da ƙuri'a. Aka gode masa da ƙoƙarinsa, aka ce ya rubuta Katsina.

Matsalar da ta rage ita ce bishiyar ba ta da tsawo. Daga Malam sai Dawuda, sai su. Mai zanen da aka kira ya ce wannan ai ba bishiya ba ce, dashe ne. Don haka Alhaji ya sa aka ba da sanarwa a rediyo, aka kuma saka a Facebook: zuriyar babban malami Waliyyullahi na neman duk wanda ke da labarinsa ko dangantaka da shi, daga kowace ƙasa. Da bakinsa ya ƙara jimlar ƙarshe, cewa duk wanda jinin Malam ke jikinsa gidan Bololo gidansa ne. Yana sa ran wani gidan malamai a Katsina zai amsa.

Amsar ta zo daga gabas. Wata rana da hantsi wayar Muntasir ta yi ƙara, wani saurayi ya yi masa magana da Hausar da Larabcin Sudan ya cika. Ya ce sunansa Salmanu, suna can kan iyakar Sudan tun da yaƙi ya kore su daga garinsu. Mahaifiyarsa Rahmatu ce ta sa shi kira, don an karanta mata sanarwar.

"Jikar Malam ce?" Muntasir ya tambaya.

"'Yarsa ce. Ita ce autarsa."

Muntasir ya ce ba zai yiwu ba, Malam ya rasu a hanya tun kafin a haifi kowa a cikinsu. Sai ya ji an karɓi wayar, muryar mace ta ce, "Ya rasu a hanya kam, ɗana, amma sai da ya yi shekara arba'in a hanyar. Ka tambayi manyanku ko matar da ya bari sunanta Luba, ko yaron da ya bari sunansa Dawuda, mai yatsa shida a hannun hagu."

Ba a saka sunan Luba a sanarwa ba, balle yatsan babansu. Muntasir ya zauna a bakin gado. Sannan ya gaya wa Halimatu kafin ya gaya wa Alhaji, ita kuwa ta ce ya ce su taho.

Suka iso bayan sati biyu a motar kaya: Rahmatu, da Salmanu, da matarsa, da ƙananan yara, da 'yan ƙullin kaya. Rahmatu doguwa ce siririya, ba ta girmi Alhaji da komai ba, in ma ba shi ne ya girme ta ba. Da ta sauko ta ɗaga kai tana duban zauren, Halimatu ta saki buta ta kama kuka, don hancin babansu ne da goshinsa suka shigo gidan a fuskar wata mata.

Alhaji ya zo da la'asar da babbar riga, ya zauna a kujera, ya fara yi mata tambayoyi kamar mai sayen saniyar da yake zargin ta sata ce.

"Baiwar Allah, kin ce Malam ya isa Makka?"

"Bai isa ba. Kullum yana cewa baɗi."

"To karatu yake koyarwa a can?"

"Kifi yake soyawa a bakin kogi. Duk garin ba mai soya kifi kamarsa. Karatu kam yana da na sallah."

Alhaji ya gyara zama. "Daga wane gari ya ce ya fito?"

Rahmatu ta yi dariya a karo na farko. "Ya danganta da mai sayen kifin. In Bakano ne, shi ma Bakano ne. In ɗan Damagaram ne, sai ka ji suna lissafa unguwanni. Da muka matsa masa yana tsufa, ya ce wani ƙauye ne da ruwa ya cinye, ba amfanin faɗin sunansa."

"Me ya hana shi dawowa wurin kakarmu?" Wannan Halimatu ce ta tambaya, a hankali.

"Kunya, 'yata. Ya ce ya fita da ban kwana na alhaji, an raka shi har bayan gari, ba zai dawo da warin kifi ba. Amma bai manta ba. Duk sallah sai ya ambaci Dawuda."

Alhaji ya ji ta kira Halimatu 'yata, ya gane inda lissafin ya nufa. Ya miƙe ya ja Muntasir zaure.

"Wannan bincike naka akwai gyara. Ina takarda? Ina hatimi? Kowa zai iya zuwa ya ce shi ɗan Malam ne."

"Yaya, Katsina ma ba ta da takarda."

"Katsina ba ta zo da yara za ta kwana a gidan mutane ba."

Ya rage murya ya ce ya tambayi wani malami a waya tun a hanya, an gaya masa idan maganar matar ta tabbata, to Malam yana raye lokacin da suke cewa ya mutu, kuma 'yar cikinsa tana da haƙƙi a gidan. Gidan kuwa Alhaji ya daɗe yana shirin rushe gabansa ya yi shaguna. Ya ba da shawarar a nema musu ɗaki a Atrone, can bayan gari, inda iska ta fi kyau.

Halimatu ta ji su daga tsakar gida. Ta leƙo zauren da ludayi a hannu.

"Abdulgani, kai ka faɗa a rediyo cewa gidan nan gidansu ne, duk gari ya ji. Na riga na share ɗakin Baba. Kuma tun ɗazu kana ce mata baiwar Allah. Ƙanwar ubanka ce. Ka shiga ka gaishe ta yadda ake gaida goggo."

Alhaji yana iya yi wa fatake tsawa a kasuwar shanu, amma Halimatu ce ta goye shi yana jariri. Ya cire takalmi ya shiga, ya rusuna iya yadda cikinsa ya bari, ya ce, "Goggo, sannu da hanya." Rahmatu ta dafa kansa ta sa masa albarka, ta ce Allah ya raya shi. Yaran Salmanu suka tsaya suna kallon tsohon da ake yi wa addu'ar girma.

Ya yi kwanaki bai taka Bololo ba, yana cewa hawan jini. Amma ranar Juma'a liman ya yi huɗuba a kan zumunci, ya kawo misalin wani bawan Allah a unguwar da ya nemo danginsa da yaƙi ya ɗaiɗaita tun daga wata ƙasa, ya ba su gida. Bai faɗi suna ba, amma sahu uku suka juyo suka dubi Alhaji Abdulgani. Bayan sallah mutane suka yi layi suna ba shi hannu. Alhaji Lukumanu ma ya zo, fuska ba walwala. Kafin Alhaji ya kai mota labarin ya daidaita a bakinsa: tun farko abin da ya sa a yi binciken ke nan, ya daɗe yana ji a jikinsa cewa akwai nasu a cikin wahala.

Da yamma ya aiko da buhun shinkafa da rago, tare da mai ɗaukar hoto.

Goggo Rahmatu ba ta iya zaman banza ba. Cikin wata guda ta kafa kasko a ƙofar gida, daidai inda shagunan za su kasance, Salmanu yana sayo mata kifi daga bakin kogin Shari da sassafe. Mutane suka fara zuwa daga wasu unguwanni. Alhaji in ya zo yakan bar motarsa nesa, saboda hayaƙin yana kama riga, amma ba ya tafiya sai an ƙunsa masa nasa. Ga baƙi yakan ce sana'ar gado ce, Malam yana yi ne don ciyar da mahajjata.

Muntasir ya manta bai cire sanarwar daga Facebook ba. Ana cikin damina wani mutum ya kira shi daga garin Abeshe da ke kan hanyar Sudan, ya yi sallama da ladabi, ya ce kakarsa ta taɓa auren wani matafiyi mai suna Waliyyullahi, wanda ya zauna da ita shekara biyu kafin ya wuce Sudan, ya bar ta da tagwaye. Muntasir ya samu Halimatu da Goggo suna tsince shinkafa, ya gaya musu. Goggo ta ce ba ta yi mamaki ba, babanta ya taɓa cewa Abeshe gari ne mai daɗin zama, bai kuma faɗi dalili ba.

"Za a gaya wa Yaya?" Muntasir ya tambaya.

"Bari sai sun iso," in ji Halimatu. "Ka dai tambaye su su nawa ne, in san tabarmin da zan aro."